Kaya Sittin, Kai Saba'in

Ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, Allah ya yi wa Baba rasuwa a ɗakinsa na unguwar Yara, nan cikin Keffi. Uban mijina ne, ko kuma in ce uban wanda ya taɓa zama mijina. Shekara ashirin da shida ina dafa masa abinci, amma ban taɓa kama sunansa da bakina ba, kuma ba yau zan fara ba.

Ba a taru sosai ba. Na shimfiɗa tabarma shida a tsakar gida domin mata, huɗu daga ciki har aka yi sadakar uku ba wanda ya zauna a kansu. Matan unguwa in sun shigo sai su wuce wurin Goggo, ƙanwar Baba, su durƙusa su ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." In sun juyo suka gan ni a bakin murhu sai bakinsu ya yi nauyi. Ba su san gaisuwar da ta dace da ni ba. Ni ba 'yarsa ba, ni ba matarsa ba, surukutar ma alƙali ya daɗe da warware ta. Wata tsohuwa ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Sannu da aiki." Ita ce gaisuwar da na fi samu.

Goggo ta yi kuka ƙwarai. Tana kuka tana cewa, "Mai taurin kai ya tafi da taurin kansa." Baffa, ƙanen Baba, wanda malami ne, shi ya yi masa salla. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure yana jan carbi. Da wani ya ce marigayi mutumin kirki ne, sai ya amsa da cewa, "Allah ne masani."

Ana kwana biyar da rasuwar, da hantsi, wani tsoho ya iso da sanda, ƙafafunsa duk sun kumbura. Daga duwatsun Mada ya taho, kwana biyu a ƙasa. Da ya cire hula sai na ga tsakiyar kansa ba gashi, ta yi sumul kamar bayan ƙwarya, irin kan da gammo ya ci. Bai san kowa ba, ba wanda ya san shi. Ya tsuguna a ƙofar zaure, da Hausarsa mai karyewa ya ce, "Mutumin nan ya ba ni kaya ranar da ya hana ɗansa. Yarana uku, duka suna nan." Na aika masa da fura, ya sha, ya kama hanya.

Tun daga ranar nake tunanin cewa in ban faɗi abin da na sani ba, nan da shekara kaɗan abin da zai rage na Baba shi ne "mai taurin kai" da "Allah ne masani." Shi ya sa nake wannan magana.

Daga rugar mahaifina aka kawo ni, can wajen Gitata. Hausata a lokacin ta sayar da nono ce kawai. Gidan birni ya yi mini ƙunci: katanga ko'ina, ba kukan saniya da safe. Uwar mijina ta riga ta rasu, Baba bai sake aure ba, don haka ni kaɗai ce mace a gidan. Saboda kunyar surukai Baba ba ya yi mini magana kai tsaye. Akwai wata akuya ja da ke ɗaure kusa da rumbu, ita yake yi wa. Sai ya tsaya a kanta ya ce, "Ke ja, in kin ga 'yar ruga ki gaya mata miyar jiya ta yi daɗi, sai dai gishirin Loko ba kyauta ake ba mu ba." Ni kuma ina bayan zana ina toshe bakina. Da akuyar ta mutu ya sayo wata, ita ma ja.

Dogo ne, siriri, ba ya cin goro, ba ya son a taɓa masa buta. In yana tunani sai ya riƙa murza kunnensa na hagu. Ba ya rantsuwa. Abin da ya fi faɗi shi ne, "Mutum ɗaya duhu ne." Na daɗe ban gane nufinsa ba.

Sana'arsa tara 'yan dako. A wancan zamani, ba da daɗewa da zuwan Turawa ba, ba mota, ba jirgin ƙasa a wannan yanki. Duk abin da za a kai bakin kogi a Loko, fatu ne, riɗi ne, kuza ce, a kai ake ɗaukarsa, kwana huɗu. A dawo da gishiri da yadi da kananzir. Wani kantin Bature ya ba Baba aikin: sau biyu a wata akawun kantin zai ɗaure kaya sittin, Baba ya kawo kai sittin ranar Alhamis da sassafe. Mijina shi ne jagoran ayarin, shi ke gaba da nasa kayan.

Wahalar aikin ita ce alkawarin ɗan Adam. Mutum zai zo ranar kasuwa ya ce da Baba, "Ina ciki," ya karɓi ɗan tsinken kara alamar an sa shi. Ranar Alhamis sai ba a gan shi ba. Ƙaya ta soke shi, matarsa ta haihu, rafi ya cika, ko dai ya farka ya ji ba ya so. In kuwa kaya suka kwana a ƙasa da yawa, akawu ba ya jira. Sai a aika a kamo mutane a kasuwa ko a gona, a ɗora musu ko suna so ko ba sa so. Baba ya taɓa ganin an kama wani manomi da ya zo saya wa uwarsa magani, aka tafi da shi Loko. Ya ce ba za a ƙara yin haka a kan kayansa ba.

Don haka yake ba mutum saba'in tsinke, alhali kaya sittin ne. Kuma ba ya ɓoyewa. Duk wanda ya miƙa wa tsinke sai ya ce masa, "Kaya sittin ne, ku saba'in ne. Ka ji?"

Ranar da na fara share zaurensa na ga bangon gabas cike da ɗige-ɗigen farar ƙasa. Na ɗauka wani asiri ne, na ƙi matsawa kusa. Da yamma na tambayi mijina, ya yi dariya ya ce, "Haukan Baba ne, je ki tambayi akuya." Ashe Baba ya ji. Washegari ina shara sai ga shi ya jawo akuyar har cikin zaure, ya tsaya da ita gaban bangon.

"Ke ja, duba nan," in ji shi. "Waɗannan layukan da ke tsaye, kowanne da adadinsa. Na bakin ƙofa arba'in da biyar ne, na can lungu saba'in. Duk Alhamis ɗin tafiya, in na ƙirga waɗanda suka zo, sai in ɗiga farar ƙasa a kan layinsu, bisa ɗigon da ya riga shi. Shekara bakwai ke nan. Me kika gani?"

Na tsaya da tsintsiya ina kallo. Ɗigon ya taru ya yi tsawo a tsakiya, ya gangaro dama da hagu daidai wa daida, har ya sirance ya ɓace kafin ya kai ƙofa, kafin ya kai lungu. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, na ce, "Tozon bijimi."

Baba ya murza kunnensa. Ya ce da akuyar, "Ni da tsibin dawa nake ce masa. Amma na 'yar ruga ya fi. Tozo ne."

Daga nan ya riƙa koya wa akuya, ni ina ɗauka. Ya ce cikin kowane mutum biyar da suka yi alkawari, ɗaya ba ya zuwa. Wane ne cikinsu, Allah kaɗai ya sani, shi ne ma'anar mutum ɗaya duhu ne. Amma in suka kai saba'in, duhun wannan yana cinye duhun wancan, sai a sami ƙololuwar tozon a kan hamsin da shida. Yawancin ranaku ba a nisa da nan: uku ko huɗu sama, uku ko huɗu ƙasa. Kaya huɗu in sun rasa kai abu ne mai sauƙi, ƙarfafa su raba, ko a samu masu zaman banza a bakin kasuwa. Amma da mutum sittin cif ya ba tsinke, arba'in da takwas za su zo, kaya goma sha biyu su kwanta, a fita kamun mutane.

"To me ya hana in ba saba'in da biyar?" ya tambayi akuyar. "Sai ƙololuwar ta hau kan sittin daidai. Rabin ranaku ke nan ina korar mutane. A saba'in kuwa, dubi abin da ya tsallake sittin, ɗan siririn gangaren nan. Sau ɗaya ne cikin tafiya goma, kuma da mutum ɗaya ko biyu."

Wani abin da ya faɗa ya fi ba ni mamaki. Ya ce a farkon aikinsa, lokacin yana tara mutum ashirin da biyar, lissafinsa kan kauce da kamar mutum biyu. Da aka taɓa sa shi ya tara ɗari, ya zaci zai kauce da takwas, sai ya ga da huɗu ne. "Ka ninka mutane sau huɗu, kaucewar ta ninka sau biyu kawai. Taro ya fi ɗaiɗaiku cika alkawari." Shi ya sa in aka ce ya kawo 'yan dako takwas don wani ƙaramin aiki ba ya yarda da tozo. Yakan ce mutum takwas ba su isa su yi tozo ba, sai ƙashin baya.

Yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu daga ƙauye ɗaya, birni ne kawai yake ɗan ƙara wa saboda girmansa. Gwandara kaɗan, Mada kaɗan, Eggon kaɗan, 'yan birni kaɗan. "In na kwashi ashirin daga gari ɗaya, gawa ɗaya ta isa ta riƙe mini su duka. Dole dalilin kowa ya zama nasa shi kaɗai."

Ranar da aka wuce sittin kuwa, sai ya tsaya a gaban mutane ya ce, "Wa zai haƙura? Mudu biyu na dawa daga rumbuna, kuma tafiya mai zuwa shi ne na farko." Kullum akan samu mai ciwon ƙafa ko mai sabuwar amarya ya ɗaga hannu yana murna. Ni nake auna dawar.

Baffa bai taɓa son wannan tsari ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai musu ruwa zaure, na tarar suna ciki.

"Yaya, kana alkawarin abin da ba ka da shi," in ji Baffa. "Goma daga cikin tsinkayen nan ƙarya ne."

"Wanne daga ciki? Nuna mini shi in karye."

"Ba sai na nuna ba. Kana jingina da rashin lafiyar bayin Allah. Kana fatan ƙaya ta soki wani."

"Ba na fata. Na dai lura ana sokuwa."

"Ranar da Allah ya tashe su duka lafiya fa?"

Baba ya nuna layin lungu, wanda ba ɗigo ko ɗaya a kansa. Ya ce, "Malam, ko jikan jikana ba zai ga ranar nan ba."

Baffa ya tashi ya sa takalmansa. Ya ce, "Ba ka ce in Allah ya so ba."

A shekara ta huɗu da aurena ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta yi ciki ba, abin da ya tsira kuma fara ta sauko ta cinye. Kafin bazara mutane sun fara haƙar rogon daji. Ina da cikin wata shida. Dako ya zama rai, domin akan ba 'yan dako abinci a hanya, kuma a Loko hatsi na zuwa ta kogi, mutum ya sayo da ladansa ya kawo gida.

A nan Baba ya yi kuskure, kuma ba zan rufe masa ba don ya mutu. Tafiya biyu a jere aka sami sittin da uku, sannan sittin da shida. Mijina ya ce masa, "Baba, a rage tsinke. Yanzu ko mai zazzaɓi rarrafowa yake yi." Baba ya ce gefen tozo ne, yakan faru, zai koma. Ya saba bangon nan bai taɓa ba shi kunya ba. Ya sake raba saba'in.

Ranar Alhamis ɗin na fito da ruwan sha ƙofar gida. Mutane sun cika filin, sun zauna shiru da gammonsu a hannu. Wasu ƙafafunsu ɗaure da tsumma, wani idonsa ya yi rawaya. Baba ya bi yana karɓar tsinke yana ƙirgawa. Ya gama, ya sake ƙirgawa. Saba'in.

Ya tsaya ya ce, "Wa zai haƙura?" Bai ambaci dawa ba, domin kowa ya san abin da ya rage a rumbunmu bai kai a yi alkawari da shi ba. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ba wanda ma ya ɗaga kai.

Akawu ya ce, "Ka cire raunana mana, ga su nan birjik. Rana tana yi."

Baba ya daɗe yana murza kunnensa. Sannan ya juya wurin mijina, wanda ya riga ya ɗaura ɗamara yana tsaye kusa da kayansa na gaba. Ya ce, "Kai, sauke gammonka."

Mijina ya zaci bai ji daidai ba. "Ni, Baba?"

"Kai. Gidanku akwai akuya, akwai surukai masu shanu."

Daga nan ya kira 'ya'yan Baffa biyu, ya kira ɗan Goggo, ya kira maƙwabtanmu shida na nan Yara. Duk wanda ya san a gidansu akwai ko da tunkiya ɗaya ko ɗan'uwa mai rumfa a kasuwa, shi ya cire. Ya bar baƙin da suka taho daga duwatsu, har da mutumin nan na Mada, wanda a ranar da ƙyar yake tsayuwa. Ya ɗauki jagoranci ya ba wani Bagwandare.

Mijina bai ɗaga murya ba. Ya ajiye gammon a gaban ubansa ya ce, "Na gaya maka ka rage. Kai ka yi kuskure, mu za mu biya. Matata ga ta nan tsaye, ka dube ta." Baba bai dube ni ba. Bai taɓa dubana ba dama.

Da ayari ya tashi, ya shiga zaure. Ina leƙe ta zana na ga ya jiƙa farar ƙasa, ya tafi can lungu ya durƙusa ya ɗiga ɗigo ɗaya a ƙasan layin ƙarshe. Ya ce, ba da akuya ba, ba da kowa ba, "Na hana gari ɗaya ya yi mini yawa. Ashe yunwa ta mai da ƙasar duka gari ɗaya."

Bayan kwana biyu mijina ya ɗaure 'yan kayansa. Ya ce da ni zai hau dutse wurin haƙar kuza, ana ɗaukar ma'aikata, zai aiko a tafi da ni in na haihu. Bai yi sallama da Baba ba. Sau ɗaya ya aiko da turmin atamfa da gaisuwa, ni kaɗai. Bayan nan shiru. Wani ya ce ya gan shi wurin aikin hanyar jirgi, wani ya ce rami ya rufta da wasu mutanen Keffi. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba.

A wannan damina ƙaramin jikan Baffa ya rasu. Ko yunwa ce, ko ciwon ciki ne da ke yawo a lokacin, ban sani ba. Baba ya je gaisuwa, Baffa ya karɓa da ka, bai buɗe baki ba. Shekara tara suka yi a haka, gida na kallon gida. Unguwa ma ta ja jiki. Ana gaisawa a hanya, amma zauren da a da ba a rasa mutum biyar a ciki ya koma daga Baba sai tabarmarsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, na yi wata uku ina ajiye masa tuwo a bakin ƙofa ba tare da na ce ga shi ba. Mahaifina ya aiko da saniya ɗaya mai tatsa, ita ta riƙe mu. Na haifi 'ya mace. Baba ya yanka akuyar ja ranar suna, kuma bai sake sayen wata ba. Daga nan in yana da magana sai ya yi da jaririyar.

Ya ci gaba da aikin, amma ya canza. Kafin ya raba tsinke sai ya zaga kasuwa ya ji tsadar hatsi, ya tambayi inda aka yi ruwa da inda ba a yi ba. In shekara ta yi kyau ya raba saba'in, in ta yi tsanani sittin da biyu. Yakan ce da jikarsa, tana goye a bayana, "Tozo gaskiya ne, amma sai ka fara duba ko bijimin yana da lafiya." Haka har motoci suka fara shigowa, kantin ya daina neman kai. Ba wanda ya zo ya sallame shi. Wata Alhamis ce kawai ta zo akawu bai aiko ba, ta bayanta ma haka.

Da mijina ya cika shekara biyar ba labari, wata safiya Baba ya sa babbar rigarsa ya ce da yarinyar, "Gaya wa uwarki ta ɗauko mayafi." Ya kai ni gaban alƙali da kansa, ya ba da shaida cewa ɗansa ya tafi ba aike ba ciyarwa. Aka raba auren. A hanyar dawowa yana gaba ina baya, ya tsaya a gindin wata tsamiya, bai juyo ba, ya ce, "Yarinya ce ke har yanzu. In kin gama idda zan raka ki Gitata. Kada ki tsufa a gidan da ba kowa saboda laifin da ba naki ba."

Na gama idda ban ɗaure kaya ba. Yayyena sun zo sau biyu, na ce sai yarinya ta yi wayo. Ta yi wayo, na ce sai ta yi aure. Aka kai ta Lafiya gidan miji, na rasa abin cewa, sai na daina ba da dalili. Maza biyu sun aiko, na ce a ba su haƙuri. Mutane sun yi ta cewa jiran mijina nake yi. Wataƙila da farko. Daga baya dai abin da na sani shi ne in na tafi ba mai ɗora masa ruwan alwala, kuma ni ma ba wanda ya saura a duniya da zai ce miyata ta yi gishiri.

Haka muka zauna, shi a zaure ni a cikin gida, wani lokaci yini guda ba a yi magana goma ba. Duk wanda ya sauko daga dutse, ɗan tireda ne ko mai gyaran hanya, Baba sai ya aika a kira shi ya sha ruwa. Ba ya tambaya kai tsaye. Sai ya ce, "Mutanen Keffi suna da yawa a can?" In baƙon ya tafi sai ya daɗe bai taɓa abincinsa ba.

Ciwonsa na ƙarshe kwana goma sha ɗaya ne. Ranar Talatar da safe na shiga da kunu, na ajiye zan fita, sai na ji ya ce, "Zauna." Na duba ko akwai wani a ɗakin. Ba kowa. Ni yake yi wa, kuma idonsa a kaina yake. Na zauna a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ina so in tambaye ki abu, kada ki ji kunyata. Ranar nan, da ke ce ni, wa za ki cire?"

Na san ranar da yake nufi. Na so in ce masa ya yi daidai, don ya tafi da sanyin zuciya. Amma mutumin nan bai taɓa miƙa wa kowa tsinke ba tare da ya gaya masa gaskiyar adadin ba.

Na ce, "Baba, da na cire wani. Da na bar masa kayansa. Ciki gare ni a lokacin, ba na ganin kowa sai abin da ke cikina."

Ya murza kunnensa na hagu. Sannan ya ce, "Haka ne. Ni ma kullum in na kwanta sai in bar masa kayan. In gari ya waye kuma sai in sake sauke shi." Ya ɗan numfasa. "Kin yafe mini?"

Na ce, "Tun yarinya tana rarrafe."

"Da kin faɗa."

"Ba ka tambaya ba, Baba."

Sai ya yi 'yar dariya, har tari ya kama shi. Ya ce in ɗaga shi ya sha kunun. Wannan ne karo na farko da hannuna ya taɓa jikinsa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya sha rabi, ya ce in aika a kira Malam. Baffa ya zo ya zauna a gefensa yana karatu, ni na koma bakin murhu. Ana idar da azahar Baffa ya leƙo ya ce, "Sai haƙuri."

Gidan zai koma hannun 'ya'yan Baffa, haka dangi suka yanke tunda ba a san inda ɗan Baba yake ba, kuma ban da ja a kai. Bayan sadakar arba'in ƙanena zai zo daga Gitata ya tafi da ni. An ce rugar ta tashi daga inda na san ta, kuma yaran yanzu ba su san ni ba.

Allah ka san abin da bawanka ya auna daidai da abin da ya kuskure, kai ne ba ka kuskure. Ka sauke masa abin da ya ɗauka shi kaɗai shekara ashirin da biyu, ka yalwata masa makwanci. In ɗansa ya riga shi zuwa can, ka haɗa su, ka ba su bakin magana. In kuwa yana raye a wani gari, ka sa wannan labari ya kai kunnensa, ya san cewa ubansa ya yi ta tambaya.